Takalmin Abakar Mai Gugar Ƙafa

Duk wanda ya sake ce mini Malam Muhammadu ne ya ceci ran Abakar, wallahi za mu ɓata da shi. Na ji wannan maganar a unguwarmu ta Abbasiya har ta gundure ni, na ji ta a Madinat Nasr, har bayan na dawo gida wani ya tare ni da ita a wurin ɗaurin aure yana gyaɗa kai kamar a gabansa aka yi. To a gabana aka yi. Ni Sagiru, a saman shagon Abakar na zauna duk tsawon karatuna a Alƙahira, kuma abin da idona ya gani shi zan faɗa. Wanda zai ji haushi ya ji.

Abakar Bahaushen Sudan ne, mutumin Mayirno da ke bakin Kogin Nilu. Kakanninsa ne suka taso daga ƙasar Sakkwato da ƙafa za su aikin hajji, suka yada zango a can, zangon ya zama gari. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, sai ya faɗi kalma in tuna da kakata, sannan ya liƙa mata Larabcin Sudan a wutsiya. Lokacin da na sauka Masar a shekarar 2011, gari yana ta hayaniyar juyin juya hali, shi ya riga ya fi shekara goma yana guga a wani lungu bayan tashar metro, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa. Shagon na wani tsohon Bamisire ne wanda aikinsa zama a kujera da sauraron rediyo.

Kada ka ji guga ka ɗauka irin tamu ce ta gawayi ko ta lantarki. Gugar ƙafa ce, sana'ar da ko a Masar ta kusa mutuwa. Wani jibgegen ƙarfe ne mai dogon mariƙi a lanƙwashe, wanda ni da hannu biyu da kyar nake ɗaga shi. A gasa shi a wuta, a sauke shi kan wani gajeren tebur, a ɗora masa guntun katako. Sai Abakar ya cika bakinsa da ruwa ya fesa wa riga, ya taka katakon da ƙafar dama, ya riƙe mariƙin, ya sunkuya ya tura, ya jawo, ya tura. Tun hantsi har bayan isha haka yake. Babu jallabiyar ɗalibi ko shaddar da aka zo da ita daga gida da ba ta bi ta ƙarƙashin wannan ƙafar ba.

Mutum ne marar hayaniya, dogo, siriri, ƙafarsa ta dama ta fi ta hagu kauri. Bai yi aure ba. Abin da ya samu yana tafiya Mayirno wurin mahaifiyarsa Hajja Amna da ƙanwarsa Mahasin mai kula da ita. Shi kuwa ɗaki ɗaya suke kwana su bakwai, in ɗaya ya juya sai sauran sun sani. Ni yake kira Shehi, don tsokana, saboda ranar da muka fara haɗuwa na yi masa gyara a hadisi, aka duba aka ga shi ne da gaskiya. Ni kuma ina ce masa Yaya.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci muna cin wake da burodi a bakin shagon, sai ya ce, "Ya Shehi, wayar nan taka tana nuna inda kogi yake ƙarewa?"

Na ce, "Wane kogin?"

"Kogi nawa ne? Namu mana. Tun ina yaro nake wanka a cikinsa. Na taɓa tambayar Yumma ina ruwan nan yake zuwa, ta ce wurin Allah, in tashi in ba ta wuri."

Yumma yake ce wa mahaifiyarsa, kamar yadda mutanen Sudan ke faɗa. Na buɗe masa taswira, na bi kogin da yatsa daga garinsu, ya ratsa Khartum, ya ratsa Alƙahira, ya rabu biyu, reshe ɗaya ya je ya faɗa teku a wani gari da ake kira Rashid, gabas da Iskandariyya. Ya daɗe yana kallo har wakensa ya huce. Na ce masa ai abu ne mai sauƙi, mota ce kawai, mu je wata Juma'ar mu dawo.

Ya girgiza kai. "Mota? Kai dai ba ka da kai, Shehi. Dubi ƙafar nan." Ya ɗaga ta dama. "Kullum tana tafiya tun safe har dare, ba ta taɓa zuwa ko'ina ba. So nake in sauka a Iskandariyya, in sa teku a hannun hagu, in yi ta takawa, in kwana inda dare ya yi mini, har in je inda ruwan garinmu yake shiga. Da ƙafata."

Na ce to mu je tare. Ya yi dariya har ya ƙware. "Kai? Da wannan bakin naka? Ai kifayen ma sai sun yi hijira." Sannan ya daina dariyar ya ce, "Ka yi haƙuri, ni kaɗai nake so. Tun da aka haife ni ban taɓa wuni ni kaɗai ba. Gidanmu cike, ɗakinmu cike, shago ga tsoho ga rediyonsa. Ko banɗaki na shiga wani yana buga ƙofa. So nake in ji yadda kaina yake in babu mai magana."

Abin da bawan Allahn nan ya nema a duniya ke nan fa. Ba gida ba, ba mota ba, ba Turai ba. Kwanaki kaɗan shi da ƙafarsa da ruwa.

Daga ranar ya fara shiri, yana cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma shiri ne na wanda ba shi da komai. Takalmi ya fara nema. Juma'a bayan Juma'a yana zuwa kasuwar gwanjo ta Wikala, ya tona tarin takalma ya dawo hannu wofi, har Allah ya haɗa shi da wani mai ruwan ƙasa, mai tsawo zuwa idon sawu, ƙasansa da manyan haƙora. Ya ɗan yi masa yawa, ya cusa tsumma a gaba. Ranar da ya kawo shi sai ka ce amarya aka kawo. Ya goge shi, ya shafa masa mai, ya naɗe a tsohuwar jarida ya ajiye a kan kantar shago. Jaka kuwa da kansa ya ɗinka ta. Akwai kayan ɗaliban da suka gudu gida lokacin rikici ba su dawo sun karɓa ba, tsoho ya gaji da ajiya ya ce a kwashe. Cikinsu Abakar ya samu wani wando mai kaurin tsiya, ya farke shi, ya yi jaka, ƙafafun wandon suka zama maratayi.

Sai gwaji. Duk Juma'a da la'asar ya zuba ƙananan duwatsun guga a jakar don nauyi, ya goya, ya taka daga Abbasiya zuwa Darrasa, ya hau ta wajen dutsen Muƙaɗɗam ya dawo. Takalmin ba ya sa shi sai jefi-jefi, wai kada ya cinye haƙoran tun kafin ranar. A shekarar da aka kafa dokar hana fita wasu sojoji suka tsayar da shi a shinge, suka ga baƙin mutum da jaka mai nauyi, suka ja da baya suka ce ya buɗe a hankali. Da suka ga duwatsun guga sai dariya, ɗayansu ya buga masa kafaɗa ya ce Allah ya ba shi lafiya. Ya dawo yana ba ni labari yana dariya shi ma.

Kuma kada wani ya ce mini bai san haɗari ba. Ya sani sarai. Akwai wani mai sayar da kifi ɗan garin Idku, wanda ke kan hanyar, yana kawo masa guga. Abakar ya tatse shi tas: ina ne bakin ruwa yake a buɗe, ina ne masana'antu suka tare sai an hau titi, wane masallaci ne limaminsa ba ya korar baƙo, ina ake samun randunan ruwan sadaka da Misirawa ke ajiyewa a bakin hanya. Mai kifin ya ce masa ya riƙe takardunsa a ƙirji, ya yi tafiyarsa da rana tsaka kowa na ganinsa, in aka tambaye shi ya faɗi gaskiya. Ya je ya sabunta izinin zamansa, ya samu leda ya naɗe. Sunayen garuruwan ya haddace su kamar karatu, yana guga yana maimaitawa: Abu Ƙir, Ma'adiyya, Idku, Rashid. Guzuri kuwa burodi ne da zai busar a kan murhun guga, da dabino, da gyaɗa, da ganyen shayi. Jirgin ƙasa na talakawa zai hau daga tashar Ramsis, wanda ake tsayuwa a cikinsa da kaji.

Abu ɗaya ya rage, shi ne lokaci. In ban da Juma'a, shagon nan ba ya rufewa. Kafin salla aiki ya fi ƙarfin mutum, bayan salla kwana ɗaya ne a dawo. In Abakar ya ce zai huta, tsoho ya ce ma'alish, wato a yi haƙuri, sai badi. Haka aka yi ta badi har shekara ta 2015, wajen ƙarshen sanyi. Ina ɗaki ina bitar karatu na ji ana hawowa bene da gudu, sai ga Abakar yana haki, bakinsa har kunne.

"Shehi! Tsoho zai aurar da autarsa a ƙauyensu can kudu. Zai rufe shago mako guda! Mako guda cur!"

Na tashi na rungume shi. Amma da na zauna sai na ce, "Yaya, abu ɗaya nake roƙonka. Kada ka gaya wa kowa. Ka ɗauki jakarka ka tafi, in ka dawo ka ba su labari."

Ya dube ni kamar na zage shi. "Ɓarawo ne ni? A garinmu ko ƙauyen da ke kusa za ka kwana sai ka yi sallama. In tafi da haƙƙin mutane a wuyana? In Allah ya ɗauki raina a hanya fa?"

Na yi magiya, na yi faɗa, ya ƙi. Ya goge farar jallabiyarsa, ya naɗa rawani, ya shiga bin mutane gida-gida yana cewa, "Zan yi 'yar tafiya, in na taɓa ɓata muku ku yafe ni." Tarbiyya ce, da ita aka raine shi. Kuma ita ce ta kai shi ta baro.

Ga abin da ya sa na ji tsoro. A waɗannan shekarun samarinmu da na Sudan suna ta ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, suna bin masu fasa-ƙwaurin mutane su shiga ruɓaɓɓen jirgin kamun kifi zuwa Italiya. Kuma daga wannan gaɓar ta wajen Rashid ake yawan tashi. Wanda zai tafi ba ya faɗa, sai dai ka ga ya bi mutane yana neman gafara ba gaira ba dalili, bayan kwana biyu ka nemi shi ka rasa. Haka Tarig ya yi, wani saurayi ɗan Sudan da ke kwana a ɗakin su Abakar. Ya bi kowa ya nemi yafiya, ya tafi, ko gawarsa ba a gani ba.

Shi kuwa Malam Muhammadu shi ne babbanmu. Ya riga kowa zuwa, yana digirin digirgir da ya ƙi ƙarewa, gemunsa ya yi furfura a kansa. Ba zan ci haƙƙinsa ba: in ɗalibi ya kwanta asibiti shi ne, in an kama wani shi ne, in an yi mutuwa shi ke wanka, shi ke kiran gida ya faɗa. Shi ya sa lambar iyayen kowa tana wayarsa, har ta Hausawan Sudan. Shi ya kira mahaifiyar Tarig. Amma mutum ne da bai taɓa yin tambaya don ya ji amsa ba. Kafin ka buɗe baki ya riga ya gama sanin abin da ke cikinka, in ka faɗi wani abu daban to kai ne ka yi kuskure.

Ni na raka Abakar gidansa a Madinat Nasr bayan la'asar. Aka kawo shayi, aka gaisa, Abakar ya durƙusa ya faɗi abin da ya kawo shi, bai ɓoye komai ba.

Malam ya ce, "Rashid? Wa kake da shi a can?"

"Ba kowa, Allah gafarta Malam."

"Sayayya za ka yi?"

"A'a."

"To ziyarar kabarin wani bawan Allah ce?"

"A'a, Malam. Tafiya ce kawai. In bi bakin teku da ƙafa in ga inda kogi yake shiga, in dawo."

"Kai kaɗai."

"Ni kaɗai."

Malam ya yi murmushi, ya shafa gemu, ya ce tamam, ya yi kyau. Ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo, ya ce ya yafe duniya da lahira, Allah ya kiyaye hanya. Har bakin titi ya rako mu, ya tsaya sai da muka shiga mota, yana ɗaga mana hannu. Wannan shi ne abin da yake ci mini rai har gobe. Da ya dubi idon Abakar ya ce ƙarya kake, jirgi za ka shiga, da na ga mutuncinsa. Da sai mu kai shi shago ya ga takalmin, ya ga jakar wando, ya ga busasshen burodi. Wa ya taɓa tafiya Italiya da busasshen burodi da butar shayi? Amma ina! Ya yi mana addu'a da baki, zuciyarsa tana kan waya.

Ana gobe tafiya, da hantsi, na sauko karɓar kaftanina. Abakar yana kan gugarsa, yana sauri ya gama kayan mutane kafin a rufe. Jakar tana jingine a lungu an ɗaure ta tsaf, takalmin yana kai. Sai wayarsa ta yi ƙara, wata tsohuwar waya ce da in ana magana har na bakin titi yana ji. Mahasin ce. Ko gaisuwa ba ta gama ba ta ce ga Yumma. Kafin tsohuwar ta ce komai kukanta ya riga ya cika shagon.

"Abakar, ashe kashe ni za ka yi? Ashe ruwa za ka shiga?"

"Yumma, wa ya gaya miki? Ba jirgi zan shiga ba. Tafiya zan yi a bakin ruwa, a kan ƙasa, da ƙafata."

"Zuwa wurin wa?"

"Ba wurin kowa ba."

"To ka ji! Mahasin, kin ji ko? Haka Malamin ya ce zai faɗa. Mutum da hankalinsa ya bi bakin ruwa ba wurin kowa ba? Babban malami guda zai kira ni tun daga Masar ya yi maka ƙarya?"

"Yumma, ki saurare ni, don Allah..."

"Kogi ya ci mini yayanka ina ji ina gani, ba zan ba teku kai ba. Ka buɗe kunnenka. In ƙafarka ta taka bakin tekun nan, ko yau ko gobe ko bayan raina, ban yafe maka ba. Nonon da ka sha ban yafe ba."

Tsoho ya rage rediyonsa ko da yake ba ya jin Hausa. Abakar yana tsaye, ƙafa ɗaya a kan katako, mutum mai shekara arba'in da ɗoriya. Na yi ta yi masa alama da hannu ya yi magana, ya rantse mata, ya ba ni wayar in yi bayani. Bai ko dube ni ba. Ya ce, "Na ji, Yumma. Ba zan je ba. Ki daina kuka."

Sai muka ji ƙauri. Ƙarfen yana zaune a kan kaftanina tun da aka fara wayar, ya cinye gaban rigar ya bar baƙin tambari. Tsoho ya ce tun da yake da Abakar bai taɓa ƙona ko hankici ba. Abakar ya ɗaga rigar yana ba ni haƙuri, yana cewa zai saya mini wata. Kai jama'a! An rushe masa abin da ya yi shekaru yana ginawa, shi kuma rigata ce damuwarsa.

Ban san lokacin da na isa Madinat Nasr ba. Na tarar da Malam da ɗalibai a falo ana karatu, ko zama ban yi ba. Na ce, "Allah gafarta Malam, me Abakar ya yi maka?"

Ya rufe littafi a hankali. "Zauna, Sagiru. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Ni na kira uwar Tarig, ba kai ba. Ba zan sake yin irin wannan kiran ba in ina da yadda zan yi."

"To me ya hana ka tambaye shi? Me ya hana ka tambaye ni? Shekara nawa ina kallonsa yana shiri!"

"Wanda zai shiga ruwa zai ce maka zai shiga? Ka taɓa ganin Bahaushe ya yi tafiya ba dalili?"

"Kakanninsa da ƙafa suka zo tun daga Sakkwato!"

"Su alƙibla suka nufa. Shi fa? Kuma ai ka san tafiyar mutum shi kaɗai abin ƙi ce."

"To ka gaya masa haka a gabansa mana! Ka yi masa addu'a, ka raka shi bakin titi, ka juya ka ɗaure shi da bakin uwarsa? Ka san abin da bakin uwa yake nufi a wurinmu, shi ya sa ka bi ta can. Wannan ba nasiha ba ce, Malam, yankan baya ne."

Ɗalibai suka taso mini, wai na yi wa babba rashin kunya, aka tura ni waje. Watanni wasu ba sa amsa sallamata. Oho! Ko yau aka maimaita abin da zan faɗa ke nan, har da ƙari.

Makon nan kuwa, makon da aka yi shekaru ana jira, a ɗakin mutum bakwai Abakar ya cinye shi. Da rana ya zo ya zauna a dakalin rufaffen shago yana kallon motoci. Burodin da ya busar suka jiƙa a shayi suka cinye shi da 'yan ɗakinsu. Na ce masa mu sake kiran Hajja, in yi mata rantsuwa da Alƙur'ani. Mun kira ba sau ɗaya ba. Da ta ji an ambaci teku sai ta ce, "Mahasin, karɓi wayarki." Na ce masa to ya tafi mana, ai a kan jirgi ta yi maganar, shi kuma ba jirgi zai shiga ba. Ya ce, "Ba ta ce jirgi ba, Shehi. Bakin teku ta ce. Ka bari, in na je gida zan zauna a gabanta in nuna mata takalmin, za ta yi dariya ta ce ni sakarai ne, ta janye. Yumma ba ta da riƙo."

Ba a daɗe ba labari ya zo wani jirgin ya sake nutsewa da mutane. Zo ka ga yadda aka yi ta tururuwa gidan Malam Muhammadu ana yi masa barka, wai Allah ya yi amfani da shi ya tsamo Abakar daga bakin kifi. Aka laƙaba wa Abakar suna Ɗan Italiya. Mutum ya kawo guga ya ce, "Ɗan Italiya, ka gode wa Allah, ka gode wa Malam." Shi kuma ya ce alhamdu lillahi, ya cika baki da ruwa ya fesa wa rigar. Har rigunan Malam ɗin shi ya ci gaba da goge su, kuma wallahi bai taɓa rage musu kari ɗaya ba. Ni da na ga babbar rigar nan a rataye sai in ji kamar in watsa mata miya.

Bai samu zuwa gida ba. Bayan babbar salla da 'yan kwanaki Mahasin ta kira, Hajja Amna ta kwanta da zazzaɓi, kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa. Kafin Abakar ya ji ma an riga an kai ta makwancinta.

Aka yi zaman makoki a ɗakinsu, aka jingine katifu a bango, mutane suka cika har kan bene. Rana ta uku Malam ya zo da tawagarsa. A lokacin ya riga ya san gaskiya, don mai kifin nan ɗan Idku ya taɓa haɗuwa da shi a shago ya ba shi labarin duk tambayoyin da Abakar ya yi masa. Ka san me ya yi? Ba haƙuri ya bayar ba. Bayan addu'a ya gyara murya ya ce, a gaban kowa, "Abakar, na duba mas'alarka. Maganar da marigayiya ta yi, a kan kuskuren fahimta ta gina ta, don haka ba ta ɗaure ka a shari'a ba. In har yanzu kana son zuwa tekun naka, khalas, shi ke nan, ka je, babu komai a kanka."

Kuskuren fahimta! Kuskuren wa? Daga sama ya faɗo mata? Na yunƙura zan tashi, Abakar ya dafa gwiwata ya danne. Idonsa ja wur, amma muryarsa ko rawa ba ta yi ba.

Ya ce, "Na gode, Allah gafarta Malam. Sai dai ba da littafi Yumma ta ɗaure ni ba, da bakinta ne, kuma ita kaɗai za ta kwance. Wancan karon kai ka kira ta. In kana da lambar da ake samunta yanzu, ka taimaka ka sake kira."

Malam ya dubi tabarma, ya dubi carbinsa, can ya ce a yi fatiha. Aka shafa, suka tashi suka fita ɗaya bayan ɗaya. Kuma duk da haka, waɗanda suka zauna a ɗakin nan suka ji da kunnensu, su ne har yau suke cewa Malam ya ceci ransa.

A ƙarshen shekarar na gama karatu. Ranar da zan taso na sauko da akwatina na shiga shago yi masa sallama, don shi ya koya mini ba a tafiya ba sallama. Yana sunkuye yana tura ƙarfe, tsoho yana kujerarsa da rediyo. Sai idona ya sauka a ƙafarsa. Takalmin ne, mai ruwan ƙasan nan na Wikala, ya ɗaure shi tsaf har idon sawu yana taka katako da shi.

Na ce, "Haba Yaya! Takalmin tafiyar?"

Ya ce, "To me zan ajiye shi ya yi, Shehi? Katakon nan yana ƙona mini tafin ƙafa. Kuma ka ga yana da kyau, ba ya zamewa."

Ya sauke ƙafar ya rungume ni, yana ƙamshin sitati da hayaƙi, ya ce in yafe masa rigata da ya ƙona. Na sunkuya na ɗauki akwatina. Da na kai bakin ƙofa na waiwaya, ya riga ya koma kan aikinsa, ya tura, ya jawo. Ƙasan takalmin dama ya cinye ya yi sumul, har gefensa ya fara narkewa. Na hagu kuwa haƙoransa suna nan cif, ko ɗaya bai gutsure ba.